Ranar da Baba Danjuma Ya Zama Jami'in Gwamnati

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Ladi, mai sayar da abinci a Dei-Dei.

Ranar Asabar wasu matasa suka zo unguwarmu da wani wasa mai kama da ludo, sai dai taswirar gari ce a kan allon. Kowa ya ja kati. Wani ya zama manomi, ni na zama direban tirela. Maƙwabcina Baba Danjuma, wanda aka tayar da ƙauyensu lokacin da aka mayar da babban birni Abuja, shi ya ja katin jami'in gwamnati.

Da wasa ya yi nisa, aka ce ya fitar da sabuwar hanya ta kan wani ƙauye. Sai ya riƙe ɗan dutsen wasansa, ya ƙi ajiyewa a kan allon.

Matashiyar da ke jagorantar wasan ta ce, "Baba, wasa ne fa."

Ya ce, "'Yata, ina katin da zan je in tambaye su tukuna?"

Aka duba, babu. Nan take ta yanki kwali ta rubuta masa. Da ya tambayi waɗanda suka zama mutanen ƙauyen a wasan, suka ce sun yarda, a dai kauce wa maƙabartarsu.

Tun ranar nake tunani, domin an riga an shafa jan fenti, alamar rusau, a gidajen layinmu, kuma ba wanda ya tambaye mu. Shin mutanen ofis su ma suna buga wannan wasa? In ba sa yi, ta ina za mu bi su zo mu buga tare? Masu sauraro, a ba mu shawara.

Ina gaida matan layin 'yan katako.