Bel Ɗin da Na Cire Daga Keken Matata

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makaranta da mataimakanta, malamai maza da mata, likitar yara da ta baro aikinta ta zo, dattawanmu da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwana iyaye da muka cika bayan ɗakin nan, da ku 'ya'yanmu da aka zaunar kusa da taga, ina yi muku sallama, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamitin da ya ba ni damar magana a ranar buɗe wannan ɗakin waƙa, wanda aka tanada domin yaran da suka rasa wani nasu. Da shugabar makaranta ta kira ni, sai da na ce ta sake dubawa ko ta yi kuskuren mutum, domin ni mai gyaran keken ɗinki ne, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma idan na ɗaga murya da sunan waƙa har kajin maƙwabta sai sun sake gida. Ta ce ai saboda haka ne ma ta kira ni. To, ga ni. Magana uku na zo da ita, kuma ta farkon ta fi yi mini nauyi, domin laifina ne.

Magana ta farko ita ce shiru. Matata tela ce, a gida take ɗinki. Yau shekara biyu da wata huɗu da rasuwarta. Ta bar mini 'ya ɗaya, mai shekara bakwai a lokacin, wadda take kira Maɓalli saboda ƙanƙantarta, sunan kuma ya bi yarinyar har cikin aji. Keken matata yana gindin taga a ɗakinmu. Ni na sayo shi tsoho, ni na tayar da shi, ni nake zuba masa mai duk ƙarshen wata.

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, na dawo daga shago wata rana na tarar da yarinyar a kan kujerar uwarta, ƙafarta da kyar take kaiwa feda, tana takawa, babu zare, babu ƙyalle, hawaye yana zuba. Na ce a raina, ƙarar nan ce take tayar mata da ciwo. Sai na yi abin da hannuna ya saba yi. Na durƙusa na zare bel ɗin, wato igiyar fatar nan da take juya kan keke, wadda idan babu ita ko ka taka ba za ka ji komai ba. Na naɗe shi na sa a aljihun rigar aikina, na lulluɓe keken da zane, rediyo ma na cire masa batir. Na ce gida ya yi shiru, yarinya ta huta. Tausayi na ɗauka nake yi, jama'a. Wallahi tausayi na ɗauka nake yi.

Gida kuwa ya yi shiru, har ya wuce wanda na nema. Cikin mako biyu Maɓalli ta daina magana. In ce ta tashi, ta tashi. In ce ta ci, ta ci. In tambaye ta, sai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ba abin da ake ji sai cokali yana taɓa kwano. Na kai ta wurin likita, aka duba kunne, aka duba maƙogwaro, aka ce lafiya lau. Wata biyar muna haka. Ni da nake gane ciwon keke daga ƙararsa tun kafin mai shi ya sauke shi a bakin shago, na kasa gane ciwon 'yata, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, ko ranar da aka fita da uwarta.

Sai surukata, kakar yarinyar, ta zo ta zauna a bakin gado ta ce, "Ɗana, ba cewa nake ka gaza ba. Amma idan aka ba da hutun makaranta yarinyar nan ba ta buɗe baki ba, zan tafi da ita wurina." Saura mako uku a ba da hutu, kuma na san idan ta tafi da ita, ni da bango za mu rage.

Magana ta biyu ita ce, yaro yana riƙe da abin da babba bai san da shi ba. Ana saura kwana tara hutu, malamar waƙa, ga ta can tana sunkuyar da kai, ta aiko a kira ni. Ta ce Maɓalli ba ta rera waƙa tare da sauran yara, amma ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya a ƙarƙashin benci, tana kuma wani ɗan sauti a maƙogwaro. Kullum idan ta kai wani wuri sai ta maƙale, ta koma farko, ta sake maƙalewa, sannan ta kifa kai a kan benci.

Ta ce, "Wace waƙa mahaifiyarta take yi mata?"

Na ce, "Malama, matata ba ta waƙa. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ko baiti ɗaya ban taɓa ji a bakinta ba."

Ta yi mini irin kallon da nake yi wa telan da ya rantse yana zuba wa kekensa mai, alhali keken ya bushe ƙamas. Ta ce, "Ƙarfe nawa kake fita, ƙarfe nawa kake dawowa?" Na ce bakwai, na ce shida. Ta ce, "To, tsakanin bakwai da shida, kana gidan? Kuma ƙafar nan tata, me kake jin take takawa?"

Sai hannuna ya kai aljihu da kansa. Bel ɗin yana nan, wata biyar ina yawo da shi.

Ranar ban koma shago ba. Na wuce gida, na yaye zanen, na goge ƙura, na zuba mai, na mayar da bel. Da na ji tafiyarta ta dawo daga makaranta, sai na zauna na shiga takawa, irin takunmu na masu gyara, da sauri, kamar mai gwajin keke. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a bayanta. Ban juya ba, tsoro nake ji. Can sai na ji wata 'yar murya a dishe tana cewa, "Baba, ka cika sauri. Ba haka Umma take yi ba."

Na rage. Ta ce, "Ƙara ragewa." Na ƙara. Ta matso ta dafa teburin keken, ta fara rerawa, ta kai wurin da take maƙalewa, ta wuce shi sumul. Ashe a kan takun keken aka gina waƙar, ba ta tafiya sai da shi, ni kuma na cire shi na sa a aljihu.

Magana ta uku gajeriya ce, ita ce abin da waƙar take cewa. Ba zan rera muku ba, na riga na faɗa muku labarin kaji. Amma ga kalmominta na farko: "Taka, keke, taka, rana ta yi sanyi, Baba yana kan hanya, saura kaɗan ya iso." Na ce, "Maɓalli, yaya aka yi ban taɓa jin wannan ba?" Ta ce, "Ai ta jiranka ce. Da mun ji motsin ƙofa sai mu daina, tunda ka iso."

Shekara da shekaru ana yi mini waƙa a cikin gidana, ban sani ba sai da mai waƙar ta tafi.

Saboda haka ina roƙonku, iyaye 'yan'uwana. Ina roƙonku, idan kun ga yaron da ya yi rashi yana buga murfin tukunya, ko yana maimaita sauti ɗaya har ya ishe ku, kada ku ce ya yi shiru, ku tambaye shi daga ina ya samo. Ina roƙonku, idan kun ga waƙa ta sa shi kuka, kada ku kashe ta, ku zauna kusa da shi har ta ƙare. Ina roƙonku, ku kawo su ɗakin nan, ku ma ku shigo, kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna duba agogo. Ba zan yaudare ku in ce waƙa tana mayar da wanda ya tafi ba, ba zan kuma ce tana raba mutum da kewa ba, domin kujerar matata har yau idan na dube ta sai rashinta ya dawo mini sabo. Abin da na sani shi ne, ta mayar mini da muryar 'yata. Da aka ba da hutu kakarta ta zo da jakar da za ta zuba mata kaya, ta zauna ta saurara, ta share hawaye, ta koma da jakarta babu komai a ciki.

Yanzu ƙarfe huɗu nake rufe shago. Ina takawa, tana rerawa, keken babu zare, babu ƙyalle. Kuma har yau, idan iska ta motsa ƙofa, mu biyun sai mu yi tsit, mu dubi wurin. Ba kowa. Sai ta ce, "Taka, Baba." Sai in ci gaba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya raya mana yaran nan, Ya buɗe bakin wanda baƙin ciki ya rufe wa baki. Allah Ya saka wa malamansu da alheri, Ya albarkaci wannan ɗaki da duk wanda ya sa hannu a gina shi. Wanda zai koma gidan da babu mai yi masa sannu da zuwa, Allah Ya zama gatansa. Allah Ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.