Faifan Korar Tsuntsaye

A wata rumfar sayar da faifan waƙoƙi a kasuwar Gwarinpa, Enoch, mawaƙin kiɗan Turawa na rok da ya bar ƙungiyar 'Yan Tsawa, ya ja hula ya rufe fuska.

"Malam, faifan da Enoch ya yi shi kaɗai, ana saye kuwa?"

"Sosai, oga! Jiya wani manomin Kurudu ya kwashi ashirin."

Enoch ya gyara tsayuwa. "Waƙar ta ratsa shi ke nan."

"Wace waƙa? A gonar dawa yake ratayewa, ƙyallin na korar tsuntsaye. Shi kuwa Enoch, tun da ya watsar da 'yan ƙungiyarsu ai ihu kawai yake." Mai rumfar ya ƙura masa ido. "Kai kuwa kamar na san ka."

Enoch ya sunkuyar da kai. "A'a, malam, ni ma manomi ne. Ba ni goma."