Mamacin da Ke Jiran Motar Abaji

Ina zaune kan buhun doyata a tashar Utako, muna jiran motar Abaji ta cika. Ban iya karatu ba, amma kunnena lafiya lau. Wani mai jar hula yana ta amsa wayar masu gaisuwar mutuwa, sai matar da ke gefensa ta kasa haƙuri.

"Oga, wa ya rasu?"

"Ni ne, Madam."

"Jesus!"

"Wasu ne suka shiga Fesbuk ɗina, suka rubuta wai Sale ya rasu, a taimaka wa iyalinsa. Tsohuwata a Abaji har ta shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Na kira ta, ta ce muryar waya ba shaida ba ce, sai ta gan ni da idonta."

"Ta ina kake shiga Fesbuk ɗin?"

"Ta burauza, abin shiga intanet ɗin nan."

"Kana sabunta shi kuwa?"

"Wannan saƙon da ke damuna kullum? Ai 'anjima' nake dannawa. Cin data ne kawai."

"Innalillahi, in ji ku! Oga, burauza kamar gida ne. Kullum ɓarayi suna neman inda ya tsage, masu shi suna aiko maka da faci. Kai kuma kana korar mai facin!"

"Wato ni na bar musu ƙofa?"

"Har da taga."

Ya duba wayarsa. Sai ga saƙon ya sake fitowa, ta leƙa.

"Ga shi nan! Danna!"

"Bari mu isa Abaji tukuna, datata ta kusa ƙarewa."

Matar ta ja jakarta gefe.

"To, Allah ya jiƙanka, Oga."