Sifikar Tsakiya da Liyakat Ya Fasa Saya

A wani shagon sifiku a Lahore, tsoho Liyakat yana jujjuya wata baƙar sifika, sai matar da ke gefensa ta ce:

"Baba, ta tsakiya kake nema? Sayi irin na gidanka, in ba haka ba muryoyin ba za su daidaita ba."

"Nawa na katako ne, shekararsu ashirin. Matata ce ba ta jin maganar 'yan fim. Kullum sai ta taɓo ni, wai me ya ce?"

"Ga irinsu can. Kana haɗawa ka huta, ta daina tambayarka."

Liyakat ya ajiye sifikar.

"Ai 'yata, yadda nake gaya mata ya fi nasu daɗi."