Kafin Gurmin Maman Lawali Ya Hau Jirgi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Bello, Allah ya ƙara girma, malamanmu masu daraja, Allah ya gafarta muku, iyayenmu maza da iyayenmu mata, 'yan kasuwar Sharafiyya da suka rufe shaguna da wuri saboda mu, mutanen Ruwais, 'yan'uwanmu na Madinar Masana'antu da suka taso daga aiki ko hutawa ba su yi ba, mutanen Nijar da na Chadi, na Sudan da na Najeriya, da kuma 'ya'yanmu haifaffun Jidda da ke can baya suna latsa waya, waɗanda ke jin duk abin da nake faɗa amma in na yi tambaya da Larabci za su amsa mini: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga mai wannan istiraha, wato wurin bikin nan, da ya sauƙaƙa mana haya, ina kuma godiya ga kwamitin gina zauren wasanni da ya miƙa mini makirufo. Sunana Barakatu, ko da yake ban ga amfanin faɗa ba, tunda duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ko ya raɗa wa jika suna a garin nan, shinkafata ya ci. Na san 'yan kwamiti sun kira ni ne don in sanar da lokacin abinci in koma in zauna. Sun yi kuskure, kuma halas, shi ke nan, ba ya gyaruwa.

Magana ta farko, me ya tara mu? Ga shi can a gefe, kusa da ƙofa, inda ya saba zama: Maman Lawali, mutumin Tasawa. Yawancinku kun san shi a matsayin mai gadin wani sito a Madinar Masana'antu, dattijon da ke gaishe ku a masallaci ya wuce. Kaɗan ne suka san gurmi ya gada wajen mahaifinsa, ya shigo da shi ƙasar nan a ƙasan jaka, naɗe cikin tsohon zane, ya yi shekara da shekaru ba mai jin sa sai buhunan shinkafa. Yaranmu ne suka gano shi. Jikata Razan da ƙawayenta da 'yan'uwansu samari suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma ba rufin gidan da ba a kore su daga kansa ba, har da nawa. Su suka bi shi, suka nace, har ya fara koya musu. To, yanzu kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, zai rufe siton, iƙamarsa ta zaman ƙasa ba za a sabunta ba, bayan Sallar Layya zai tafi gida tafiyar da ba dawowa. Ya ce in an samu zaure kafin nan, zai zauna da yaran ya zuba musu abin da ke cikinsa, ya kuma rataye gurmin a bango ya bar mana. In ba a samu ba, zai mayar da shi cikin zanensa su hau jirgi tare. Wannan shi ne abin da ke gabanmu yau, kuma wallahi yana ci mini rai.

Magana ta biyu, wuri. An samu. Tsohon shagon darduma ne a Sharafiyya, mai faɗi, mai tsayin rufi, ga ƙofa biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, ga wurin ajiye mota wanda zai ishe mu in Allah ya sa muka koyi jera motoci kamar mutane. Ɗanmu Abduljalil, wanda ke da takardun ƙasa, ya yarda a nemi izini da sunansa, ya yi ta hawa da sauka a ofisoshi har takalminsa ya cinye. Za a kafa dandamali, a sa kujeru, a sa na'urar sanyaya ɗaki, domin ba wanda zai kalli wasa a zafin Jidda ya yi dariya, a ware ɗakin koyon kiɗa da ɗakin ajiye kayan wasa. Mai shagon ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata, in bai ga kuɗin shekara ba wani mai sayar da tayoyi na jira.

Za ku ce, to me kwamiti yake yi duk tsawon lokacin nan? Ni zan faɗa muku, domin ni ke kai musu shayi. Suna neman suna. Mutanen Nijar suka kawo suna da Faransanci wanda sai ka murɗe leɓe kafin ya fita. Mutanen Sudan suka ce ai nadi ake cewa, wato kulob da Larabci, haka kakanninsu suka ce. Mutanen Najeriya suka ce su ba ruwansu da suna, a dai fara zaɓen ciyaman da mataimakinsa da mataimakin mataimakinsa. Mutanen Chadi kuwa suka shanye shayin. Ban taɓa ganin an yi rigimar suna tun ba a haihu ba sai a kwamitin nan.

Magana ta uku, ita ce mai zafi, ku gyara zama. Bara masu ilimi a cikinmu suka ce a yi abin cikin sirri, kada a kunyata kowa. Aka kawo akwatin ƙarfe mai 'yar tsaga a sama, aka ajiye a bakin ƙofa, kowa ya zo ya juya mana baya, ya daɗe yana laluben aljihu, ya tura abu, ya fito yana sunkuyar da kai kamar waliyyi. Akwati ya yi nauyi, har Alhaji Bello ya yi kabbara. Da aka buɗe, jama'a, me muka gani? Sefa da ta kwana a jaka tun zuwan mai ita aikin hajji na farko. Fam na Sudan wanda ko a can an manta da kamanninsa. Naira mai hoton da aka daina yayi. Wani bawan Allah har da katin wayar da aka kankare. Mai canji ya duba, ya sake dubawa, ya tambaye mu ko gidan tarihi muke shirin buɗewa.

A makon nan dai, a istirahar nan dai, aka yi bikin 'yar wani daga cikinku. Ba zan faɗi suna ba, amma yana sanye da shadda ruwan goro kuma ya fara duba agogo. Ina bakin tukunya ina kallo. Wani yaro da na'ura yana sako waƙa daga kwamfuta, yana kiran sunaye ta lasifika, sai ga mutanen da suka ba mu sefar kakanni sun miƙe suna liƙi da riyal sabo fil, mata na turereniya, maza na gyara hannun riga don a ga agogo. Da tsintsiya aka tattara kuɗin, ni na ara musu tsintsiyar.

A ranar na gane ba rowa ce ke damunmu ba. Mu mutane ne masu kyauta, amma kyautarmu tana son a kira ta da sunanta da na ubanta, a gaban maƙwabta, da ƙarfi. Hannunmu ba ya buɗewa a duhu. Akwati ba ya kirari, shi ya sa aka ba shi abin da aka ba shi.

Saboda haka ga tsarin bana, kuma na riga na shawo kan matan kwamiti, su kuma sun shawo kan mazansu a gida. Na ɗaya, babu akwati. Tabarma ce a tsakiyar fili, a ƙarƙashin fitila. Na biyu, komai na zauren nan yana neman mai shi: kujera tana da suna, labule yana da suna, ƙofa tana da suna, wanda ya sayi na'urar sanyi kuwa duk ranar wasa sai an ambace shi kafin a kunna. Na uku, mu mata mun kafa adashi wanda kwasar farko ta zauren ce, kuma in an buɗe, bukukuwanku da sunayenku can za a riƙa yi, kuɗin haya ya riƙa komawa wajen wuta da ruwa da malamin yara. Na huɗu, Abduljalil ne zai kai komai banki ya dawo mana da shaida, domin kada gobe a ce Barakatu ta sayi sabbin tukwane.

Akwai na biyar, ko da yake malamai sun roƙe ni in bar shi. Gidan su Maman Lawali ba yabo kaɗai aka iya ba, an iya zambo. Dattijon nan ya daɗe yana zaune a bakin ƙofa yana kallonku, ya san mai gida uku a Maraɗi da bai taɓa kwana a ko ɗaya ba, ya san wanda tun ina amarya yake cewa baɗi zai koma gida, ga shi yau jikokinsa ba su san hanyar filin jirgi ba. Ni ban ce zai yi ba. Na dai ce waya tana ɗaukar murya, kuma waƙar da aka yi yau a Jidda, kafin asuba ana jin ta a Damagaram.

To amma zan gaya muku gaskiya. Na je na same shi a bakin sitonsa, ina dariya, na ce ya ɗan ɗanɗana mini zambon da ya tanadar wa manya. Bai yi dariya ba. Ya ce:

"Hajiya, ba ni da zambon kowa. In na sauka gida aka tambaye ni mutanen Jidda, zan ce mutanen kirki ne. Na yi ciwo sun kai ni asibiti, na yi rashi sun zo mini gaisuwa. Sai dai duk zaman da na yi da su, babu babba ko ɗaya da ya taɓa ce mini in buga. Jikokinsu ne suka ce, su ma da Larabci."

Jama'a, na dawo gida ban iya cin abinci ba, ni da nake ciyar da gari. Kunya ta kama ni, kuma ina fata ta kama ku.

Allah ya yi wa wannan taro albarka. Allah ya buɗa wa kowa kasuwarsa, ya sauƙaƙa wa masu neman takarda, ya daidaita tsakanin kowa da kafilinsa. Allah ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙasar nan da waɗanda ke kwance a gida. Allah ya raya mana zuriya, ya sa harshenmu ya zauna a bakinsu. Allah ya kai baƙonmu gida lafiya, da jaka marar nauyi.

Maman Lawali, taso daga bakin ƙofar nan, ka zo tsakiya. Alhaji Bello zai ara maka kujerarsa. Ga manyan Jidda a zaune, kuma ni Barakatu, da furfurata, da Hausa nake gaya maka: ka buga.

Na gode.