Bas Ɗin da Ke Mutuwa a Ƙofar Gida

A kan bencin gareji, wani direba yana jiran bakanike ya duba tsohuwar bas ɗinsa. Wani dattijo da ke gefensa ya ƙura mata ido.

"Samari, me ke damun ta?"

"Silo ne, Baba. Da na rage gudu sai ta kama kakkarwa, ta mutu. Na canza fulogi, an wanke kafireta, duk a banza."

"A cunkoso take mutuwa?"

"A'a, a ƙofar gidajen mutane. Haka kawai."

Dattijon ya jinjina kai. "Ni na tuƙa ta kafin a sake mata fenti. Gawa muke ɗauka da ita. Injinta lafiya lau, kada ka wahalar da bakanike. Duk ƙofar da ta mutu a gabanta, ba a jimawa ake kiran mu gidan."

"Haba Baba! Datti ne a tanki."

"Allah ya sa. Yau a ina ta mutu?"

Direban ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ya tuna matarsa da ya baro kwance da zazzaɓi.

"Ba mu ma fita ba, Baba. Daga ƙofar gidana aka turo ta."