Yaren Uwarsa

A ƙofar wani asibiti a garin Madang na bakin teku, Kasfar ya tsuguna kusa da wani dattijo mai taunar goron buwai.

"Baba, daga kan duwatsu kake?"

"Daga can nake. Lafiya?"

"Mahaifina ne kwance a ciki, rai a hannun Allah. Mu mutanen bakin teku ne, amma tun jiya ya saki yarenmu, ya koma na uwarsa, 'yar duwatsu ce. Ina jin inda za a binne shi yake faɗa. Taimaka ka ji mana."

"Daga wane kwari take?"

"Oho. Da sadakin tukwane aka auro ta, ba wanda ya riƙe sunan ƙauyen. Ai yarenku ɗaya ne. A makaranta an ce mu jikokin waɗanda suka zo da kwale-kwale dangi ɗaya, ku da ake kira Papuwa dangi ɗaya."

Dattijon ya tofar da jan yawu.

"Ku dai dangi ne, yaro, har da tsibiran da ba ka taɓa gani ba. Mu kuwa, duk yaren da ba naku ba aka zuba a kwando ɗaya, aka laƙa masa suna. Ƙauyen da nake hango hayaƙinsa ma ba na jin maganarsu."

Kasfar ya sunkuyar da kai. "To shi ke nan."

Dattijon ya goge baki, ya miƙe.

"Tashi mu je. Da wuya in gane, amma zan riƙa amsa masa da nawa. Kada ya tafi yana magana shi kaɗai."